Tela ma yana da iyali

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, shagunan teloli a Kano da Zariya da Damagaram ba sa rufuwa. Mutum zai sayo shadda a Kantin Kwari saura kwana uku sallah, ya dire wa tela, ya ce lallai da ita zai je idi. Tela kuwa, don kunya ko don neman na cefanen sallah, sai ya karɓa. Daga nan sai kwana a kan keke, janareta na ruri, ido ya yi jawur, a sha ruwa da kunun leda a cikin tarin ƙyallaye. Tahajjud ta wuce shi, matarsa na sahur ita da yara, 'ya'yansa kuma su ne na ƙarshe da za a ɗinka wa kaya. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana ga ma'aikatan masana'antu, domin jiki yana da iyaka. Ya kamata tela ya sa ranar daina karɓar ɗinki, ya tsaya a kanta ko ɗan'uwansa ne ya zo. Mu kuma mu kai kayanmu tun Sha'aban. Haƙƙin iyalinsa ya fi gaggawarmu nauyi.