Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Kyamis na Birnin Kebbi da Argungu

'Yan'uwa masu sayar da magani,

Na rubuto muku ne don na san matsayinku. Kafin marar lafiya ya kai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, ƙofarku yake fara ƙwanƙwasawa. Ku ne a buɗe bayan isha'i, ku ne ke ba da bashi har a girbe shinkafa. Wannan amana ce, kuma a kanta nake son mu yi magana.

A daminar bara ina zaune a bencin wani kyamis, wata mata ta shigo da goyo, jikin yaron kamar garwashi. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi a kan kantar shagon, ta ce, "Malam, a haɗa mani na masassara." Mai shagon bai ko ɗaga mayafin ya dubi yaron ba. Ya zaro ƙwaya nan, ya ɓare kafso can, ya ƙulle a 'yar leda, ya ce safe da dare. Ba suna, ba takarda, ba tambayar kwana nawa yaron ya yi a kwance. Ta yi godiya ta tafi, ni kuwa har yau ledar nan tana damuna.

Wannan "haɗi" shi ne babban ciwon sana'arku. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro ya yi mana katutu: binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu. Fadamar da ke ciyar da mu ita ke renon sauron. Amma ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Gwajin jini na ɗan yatsa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. Ku ajiye shi a shago, ku gwada kafin ku sayar. In ya tabbata, ku ba da magani cikakke na kwana uku, kada ku yanka katin biyu don kuɗin mai saye bai kai ba. Ku tuna kulorokwin: da ita aka dogara shekara da shekaru, har cutar ta saba da ita, dole Nijeriya ta sauya magani a 2005.

Hanyar nan ce muke bi da ja-da-yalo da 'yan'uwanta. Gudawa, ja-da-yalo; mura, ja-da-yalo; yaron da ke wanka a kogin Matan Fada ya fara fitsarin jini, ja-da-yalo, alhali tsargiya ce, tsutsa ce, maganinta daban. Kafso biyu ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa, su bi ruwa da hannu su shiga maƙwabta. A 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi jin jiki. Yaro mai gudawa, abin da ya fi buƙata ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinki, kuma duka biyu suna cikin hurminku.

Lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN, ke ba ku, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfi, yana da iyaka. Bai ba ku izinin yin allura ba, ko ƙarin ruwa a bayan labule, ko sayar da maganin da sai da takardar likita. Iyakar nan kariya ce gare ku. Yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, da mai ciki da ƙafa ta kumbura tana ciwon kai, waɗannan ba na shago ba ne. Ku ce a wuce asibiti yanzu, in da hali ku tsayar musu da mai babur. Sanin inda iliminka ya tsaya shi ma ilimi ne.

Sai matasan da ke zuwa da asuba neman "na aiki" kafin su shiga fadama. Kun san tiramadol suke nufi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan an ga yadda ya cinye matasan Arewa. Wanda ka sayar wa yau, ɗan maƙwabcinka ne, gobe kuma ana iya sayar wa naka.

Ku kula da inda kuke saro kaya. Araha ba ta ado. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ke cikinsa. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ku kankare lambar tantancewa ku aika ta waya. Kwalin da aka shigo da shi ta bayan fage, ba rasit, ku bar wa mai shi. Kuma zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40. Maganin da ya wuni ƙarƙashin kwano ba silin ya fara lalacewa tun bai bar shagonku ba.

Na san abin da za ku ce: in na hana, na gaba zai sayar. Shi ya sa wannan aiki ne na ƙungiya. Ku zauna a taron ƙungiyarku ta NAPPMED na Birnin Kebbi da na Argungu, ku yi magana ɗaya: ba haɗi, ba rabin magani, ba allura. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gobe in matar nan ta dawo da goyonta, ku ɗaga mayafin ku dubi yaron kafin ku miƙa hannu kan kantar magani. Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai yi muku fatan alheri.