A Wanke Hannu Da Wane Ruwa?

Duk damina sai a dawo mana da magana ɗaya: amai da gudawa ya ɓulla ne saboda talaka ƙazami ne. Rediyo ta cika da a wanke hannu, a rufe abinci, a fito sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Hukuma tana son wannan bayani, domin ba ya cin kuɗinta, kuma laifin yana ƙarewa a tsakar gidan wanda ya yi rashi.

A 2021 mutum sama da 100,000 ne ake zargin kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano da Bauchi da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Shin duk waɗannan ba su san sabulu ba ne?

Shiga lungu a cikin Kano ka leƙa kwata. Za ka ga siraran bututun roba, uku ko huɗu, kwance cikin baƙin ruwa, kowanne ya nufi gidansa, inda ya tsage an naɗe da robar tayar babur. Muddin ruwa na tafe da ƙarfi, tsaguwar waje take fesarwa. Amma da an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai bututun ya koma zuƙar abin da yake kwance a ciki. Ranar da aka dawo da ruwa, abin da ya fara zubowa a bokitin uwargida ke nan. Ruwan yana iya barin matatar Tamburawa ko ta Challawa a tace, da maganinsa. A hanya ake ɓata shi.

Kuma ba talaka ne ya fi ɓarna ba. Mai hali ne yake ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan babban layi don ya cika tankinsa kafin kowa. Injin nan yana rage ƙarfin ruwan layin gaba ɗaya, ya sa bututun maƙwabta su zuƙi kwata. Ban taɓa jin an yi masa wa'azin tsafta ba.

Mafita ita ce doka kan haɗa ruwa. Za a ce hukumar da ba ta kawo ruwa sai ta ga dama ba ta da bakin kafa doka. Akwai gaskiya a nan, amma yankewar ruwan ce ma ta sa dokar ta zama dole. Kada a haɗa wa gida ruwa sai mai gyaran famfo mai rajista ya yi, jami'i ya gani kafin a rufe rami. Bututu ya bar kwata. Inji ya ja daga tankin ƙasa, ba daga layi ba, a kuma sa makullin da ke hana ruwa komawa baya. Mai haƙa rijiyar burtsatse ya nuna tazararta da masai, tunda daga nan 'yan garuwa suke cika jarkoki su rarraba wa unguwa.

Kuɗin haɗawa kuwa a sauƙaƙa, a bari a biya kaɗan-kaɗan, domin tsada da yawon ofis ne ke tura mutane huda layi da dare. Dā duba-gari har randa yake leƙawa. In za a farfaɗo da shi, a fara tura shi gidajen da injinsu ke ruri da asuba.