Sharhi: Abin da ke Ɗaura wa Sojojin Jiki Damara Tun Kafin Yaƙi

Sharhinmu na yau ya leƙa cikin jikin ɗan Adam ne.

Idan cuta ta shiga jiki, yawancin ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T sai sun yi kwanaki, wani lokaci mako guda, kafin su gane abokin gaba, su hayayyafa, su fito fage. Amma akwai wani rukuni a cikinsu da ba ya jira. Cikin 'yan sa'o'i ya fara aiki. Daga cikinsu akwai NKT, da MAIT, da wasu daga cikin gamma-delta. Dukansu a wuri ɗaya suke girma da sauran 'yan uwansu, wato taimos, wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. To me ya raba halinsu?

Amsar tana cikin gado. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da DNA iri ɗaya, tamkar littafi guda da aka raba wa kowa. Bambancin yana ga shafin da aka buɗe. Masu buɗe shafukan nan wasu sinadaran furotin ne da ke manne wa DNA, su kunna wani umarni, su kashe wani. A jikin ɗan Adam sun kai kimanin 1,600.

A shekarar 2008, ayari biyu na masana a Amurka, ɗaya ƙarƙashin Albert Bendelac a Jami'ar Chicago, ɗayan ƙarƙashin Derek Sant'Angelo a New York, suka gano cewa furotin mai suna PLZF ne jagoran ƙwayoyin NKT. Da suka duba ɓerayen da ba su da shi, sai suka tarar ƙwayoyin NKT sun ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuma sun rasa zafin namansu. Da aka cusa shi cikin ƙwayoyin T na gama-gari kuwa, sai suka fara nuna halin shirin ko-ta-kwana. Tun farko a binciken wani nau'in sankarar jini aka fara sanin PLZF, babu wanda ya nufi garkuwar jiki da shi.

Aikin bai tsaya nan ba. A 2013, ayarin Kristin Hogquist na Jami'ar Minnesota ya nuna cewa NKT sun kasu uku, kowanne da furotin da ke jan ragamarsa. Inda T-bet ya yi rinjaye, ƙwayar kan fitar da sinadarin intaferon-gamma, makamin yaƙi da bairos da ƙwayoyin cutar da ke ɓuya cikin ƙwayoyin jiki. Inda GATA-3 da PLZF suka yi yawa, sai sinadarin IL-4. Inda ROR-gamma-t ya kama, sai IL-17, mai kiran agaji idan bakteriya ko fangas suka kawo hari.

Mai sauraro zai iya cewa, ina ruwanmu da ɓerayen Chicago? Ruwanmu ne kuwa. Ƙwayoyin MAIT, waɗanda su ma suke dogara da PLZF, suna da yawa a hantar ɗan Adam. A 2012 masana a Melbourne ta Ostireliya suka gano cewa suna gane bakteriya ne ta ragowar sinadaran da take samarwa wajen haɗa bitamin B2. Suna amsa wa ƙwayar tarin fuka, kuma sukan ragu a jinin masu tarin fuka da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Wani nau'in gamma-delta kuma yakan ƙaru a jinin mai zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan cututtuka ne da muke binne 'yan uwanmu saboda su kowace shekara.

Don haka ra'ayinmu shi ne, binciken tushe irin wannan ba almubazzaranci ba ne. Sai an san abin da ke kunna ƙwaya kafin a iya sarrafa ta wajen haɗa rigakafi ko magani. Kuma tunda ɓera ba mutum ba ne, dole a tabbatar da sakamakon a jikin mutanen da cutar ke addaba. Ya kamata gwamnatoci su ba jami'o'inmu da asibitocin koyarwa kuɗi da kayan aiki, domin masananmu su yi wannan bincike da hannunsu, kan cututtukan da suka fi damunmu.