Tattasan Gwaggo da ya yi yaji

Makon jiya na leƙa gida Zoza, ko ruwa ban gama sha ba Gwaggona ta shigar da ƙara. "Ɗan nan, kai da ka yi boko, tattasan da nake ajiye irinsa tun kana goye, yaya aka yi bana ya koma barkono?" Ta yi jajjage da shi, jikoki suka ci suna hawaye. Ita takin zamani take zargi, kishiyarta kuwa cewa ta yi baki ne.

Na zagaya bayan ɗaki inda take ɗan shuke-shukenta, na tambaye ta abin da ke gefen tattasan a daminar bara. Ta ce shambo ne, layi biyu. Na ce, "Gwaggo, an ɗaura wa tattasanki aure ba ki sani ba, kuma ƙudan zuma ne waliyyi."

Furen barkono yana ɗauke da namiji da mace a wuri ɗaya, don haka yawanci kansa yake aura. Amma ƙudan zuma ba ruwansa da iyakar kunya. Ya tashi daga furen shambo da gari a ƙafa, ya sauka kan na tattasai, magana ta ƙare. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, aurensu ba wuya. Attarugu ne ɗan wani gida, shi ya sa haɗa shi da tattasai sai an sha fama, sau da yawa furen ya zube ko ƙwayar ta ƙi tsira. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ɗan da ya nuna a shekarar auren lafiyarsa lau, ba yaji. Sirrin yana cikin ƙwayar, sai an yafa ta baɗi yake fitowa. Kuma a gadon barkono yaji ne mai rinjaye: in mai yaji ya haɗu da marar yaji, 'ya'yan fari duk masu yaji ne.

Abin da ƙudan zuma ya yi wa Gwaggo da ka, ni shekara uku ke nan ina yin sa da gangan a tsoffin bokitai a tsakar gidana. Da yamma nakan nemi furen da ya kusa buɗewa, in sa ɗan hantsaki in cire mazan da ke kewaye da macen tun ba su saki gari ba. Da hantsi in tsinko buɗaɗɗen fure daga wanda na zaɓa ya zama uba, in goga garinsa a kan macen, in rufe da ƙyalle mai shara-shara, in ɗaura jan zare don kada in manta. A cikin goma, in uku suka kama na gode Allah. Lokacin sanyi ya fi, domin zafin bazara zubar da fure yake yi. Maiɗakina ta daɗe tana kiran abin "aikin marasa aiki", sai da ta ga wani mai tsoka kamar tattasai, mai ɗan yaji daidai miya, sannan ta fara tambayar yaushe zai sake nuna.

A nan ne kuma aikin yake ba da haushi. Na ajiye irin wannan kyakkyawan, na shuka, sai albasa ta ƙi yin halin ruwa. Wani dogo, wani gajere, wani wuta, wani salam. Gregor Mendel, wani malamin coci a ƙasar da yanzu ake kira Cek, ya bayyana dalili tun 1866 bayan ya shafe shekaru yana auren wake a lambu: halin da ya ɓuya a 'ya'ya yakan dawo a jikoki, kusan ɗaya cikin huɗu. Kafin iri ya tsaya a kan hali guda sai an yi ta zaɓe ana sake shukawa, zubi shida zuwa takwas. Mu dai Allah ya rage mana hanya. Mai rijiya a gida, ko mai lambu a bakin ruwan madatsar Challawa da aka kammala a ƙasar Karaye a 1992, zai iya zubi biyu a shekara, damina da rani.

Dalilin da ya sa na kawo hirar bokiti cikin jarida shi ne gwangwani. Masu noman rani da yawa yanzu irin gwangwani suke saye, mai aure, kuma ba na musun yana zuba 'ya'ya. Sai dai in ka ajiye ƙwayarsa, abin da ya same ni shi zai same ka, dole baɗi ka koma kanti da kuɗinka. A hankali hannun da ya iya zaɓen iri yana mutuwa, irin kaka da kakanni da ya saba da ƙasarmu yana ɓacewa. Muna da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, muna da reshen cibiyar binciken kayan lambu a Bagauda, amma ba su za su zo su tantance wane tattasai ne ya fi jure jigawar Rogo ba, ko wanne ya fi bushewa da kyau a shanya. Wannan aikin mai zama da shukar ne kullum.

Kuma kada wani ya ce wasa ne. Ed Currie na Amurka a gida ya fara wannan sha'awa. A 2013 barkononsa Carolina Reaper ya shiga kundin Guinness, a 2023 ya karya tarihin kansa da Pepper X, mai yaji sama da miliyan 2.6 a ma'aunin Scoville, alhali attarugun da muke kuka da shi da wuya ya wuce 350,000. Ni ban ga amfanin barkonon da ba ya ciyuwa ba, gasar da ta dace da mu ita ce ta wanda zai jure cuta ya kai Legas bai ruɓe ba. Masu jin "auren iri" su ɗauka irin nan ne da ake sauya wa halitta a ɗakin gwaji, su kwantar da hankali, wannan ƙudan zuma ma yana yi.

Gargaɗina ɗaya ne: kada a yi gwajin a gonar da ake ci da ita. Bokiti goma sun isa. Kuma mai son aurar da iri sai ya fara da tsare na asali. Ba duk tattasan Gwaggo ne ya yi yaji ba, don haka muka bi muna ɗanɗanawa, muka ware gindi huɗu masu sanyi, muka tsinke furannin da suka riga suka buɗe, na lulluɓe su da tsohon gidan sauro. Daga 'ya'yan da za su ƙulla a ciki za ta ɗebi irin baɗi. Masu yajin kuwa ta ƙulle min ƙwayarsu a bakin ƙyalle, ta ce in tafi da fitinata Kano, amma in wani abin kirki ya fito a ciki, da sunanta za a kira shi.