Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, 'yan ci-rani suka huta da aika wasiƙa ta hannun direban babbar mota. Wannan alheri ne babu shakka. Amma wata ɗabi'a ta biyo baya, wadda ya kamata shugabannin Hausawan Kurmi su dube ta da idon basira.

Saurayi ne zai baro Kazaure ko Illela ya zo Ikko, yana dako a kasuwar Mile 12, yana kwana a rumfa. Ran Juma'a sai ya ari shadda, ya jingina da motar wani, a ɗauke shi hoto, ya sa a Facebook ko TikTok. Nan da nan a yi ta yabonsa, har da masu kiransa Alhaji.

Daɗin yabon na ɗan lokaci ne, wahalarsa kuwa doguwa ce. Mutanen gida sun ga hoto, sai buƙatu su taso: kuɗin taki, kuɗin asibiti, kayan ɗakin ƙanwa. Idan ya ce babu, a ce Ikko ta koya masa rowa. Salla ta zo ya kasa zuwa gida don kunya. Ciwo ya kama shi ya kasa faɗi, domin wanda ya nuna wa duniya ya wadata ba shi da bakin neman taimako. Haka zai zauna da ƙuncin zuciya, barci ya gagare shi, yana duba hotunan tsaransa yana ganin an bar shi a baya, alhali kuwa da yawansu aron suka yi kamarsa.

Facebook ta yarda mutum ya tara abokai har 5,000. Amma wani malamin Jami'ar Oxford, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa ɗan Adam ba ya iya riƙe hulɗa ta sosai da fiye da mutum 150, aminan ƙut-da-ƙut kuwa kamar biyar ne. Lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, samari da yawa sun wayi gari babu sana'a. A irin wannan rana ɗan garinsu da maigida ne ke ba mutum wurin kwana da ɗan jari, ba mai yabon hoto ba.

Magabata da suka zauna a Sabon Badun tun 1916 da haka suka kafu: baƙo yana da maigida wanda ya san halinsa da abin da ke aljihunsa. Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da limamai na Agege, Idi-Araba da sauran zangona su riƙa jawo samarin nan a jiki, su san inda kowa yake kwana. Iyaye a gida su daina auna ɗa da hoto. Samari kuma su faɗa wa nasu gaskiyar halin da suke ciki, don dako ba abin kunya ba ne. Allah Ya sa a gane.