SHARHI: Sikila, auren zumunci da gwajin da ake yi bayan an kai lefe

Kafin a ba da 'ya a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, sai an yi bincike. Za a tambayi asalin manemin, da sana'arsa, da abokan zamansa, da yadda ya riƙi salla. Akan tura dattijo har unguwarsu ya jiyo. Amma tambayar da ta fi shafar 'ya'yan da za a haifa, wato rukunin jinin saurayi da budurwa, ita ce ke zuwa a ƙarshe, idan ma ta zo. Sau da yawa ba a tuna da asibiti sai an karɓi kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kai lefe, dangi na nesa sun ɗinka anko. A irin wannan lokaci takardar gwaji ba ta da sauran ƙarfin ba da shawara, domin ta zama barazana ga mutuncin gida biyu.

Lissafin da ba ya sauyawa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, wanda ya gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya samu kusan ɗaya cikin biyar da rukunin AS.

Mai AS ba majinyaci ba ne. Tun 1954 bincike ya nuna cewa wannan ƙwaya tana ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Matsalar tana tasowa ne idan AS ya auri AS. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Wannan rabo sabo ne a kowane ciki, ba layi ake bi ba. Ma'aurata na iya haifar 'ya'ya biyar lafiyayyu, wasu kuma su jera masu sikila uku. Wannan ne ya sa hujjar da ake yawan kawowa, cewa wane da wance ma haka suke amma 'ya'yansu ƙalau, ba ta rushe komai ba.

Idan aka ɗauki ƙiyasin kashi 24, to a cikin kowane aure 17 da aka ɗaura babu gwaji, ɗaya zai haɗa masu ɗauke da ƙwayar biyu.

Daga wabi zuwa amosanin jini

Hausawa sun daɗe da sanin gidan da yara ke mutuwa a jere. Sun kira abin wabi, suka raɗa wa yaran da suka biyo baya sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi, da fatan mutuwa za ta kau da kai. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin ƙyanda da gudawa da tamowa sun ci nasu kason. Sai dai alamomin da iyaye mata ke bayarwa, kumburin hannu da ƙafa tun jariri bai yi shekara ba, idanu rawaya, kukan ciwon ƙashi lokacin hunturu da damina, su ne alamomin amosanin jini.

Abin lura shi ne wanda ake ɗora wa laifi. Wabi sunan da ake liƙa wa mace ne. Ita ake kai wa wurin mai magani, ita ake yi wa kishiya, ita ake cewa ta zo da ciwon daga gidansu. Alhali yaro ba ya zama SS sai ya gaji ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Haka kuma idan aka fasa aure saboda sakamakon gwaji, saurayi kan sake nema cikin 'yan watanni, budurwa kuwa sai ta zauna da tambarin “mai ciwo a jini”, ko da lafiyarta lau. Wannan tsoro ne ke sa wasu iyaye ɓoye sakamako, wasu kuma su nemi a rubuta musu AA a takarda.

Darasi daga Bradford

Wannan shiru ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A birnin Bradford na Ingila, inda 'yan asalin Pakistan ke da yawa, masu bincike sun bi diddigin yara sama da 13,000 da aka haifa tsakanin 2007 da 2011. Sun samu cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ma'auratan wannan al'umma dangin juna ne. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya nuna cewa haɗarin haihuwar yaro da nakasar gado ya tashi daga kimanin kashi 3 zuwa kashi 6 idan iyayen 'ya'yan wa da ƙani ne. Wato haɗarin ya ninka, amma yara 94 cikin 100 an haife su ba tare da ita ba.

Bayan kusan shekara goma, wani binciken a unguwanni uku na tsakiyar birnin ya samu adadin auren dangi ya sauko zuwa kashi 46. Babu dokar da ta hana. Masu binciken sun danganta sauyin da zurfin karatun 'yan mata, da tsaurara dokokin shige da fice, da kuma yadda iyalai suka fara tattauna batun a fili. Duk da haka, a Disambar 2024 ɗan majalisa Richard Holden ya gabatar da ƙudirin haramta irin wannan aure, lamarin da ya mayar da batun lafiya ya koma takaddamar siyasa kan Musulmi da baƙi.

A yammacin Zamfara auren zumunci halal ne, kuma yana da dalilansa: gona ba ta fita daga gida, an san halin juna, ana ganin yarinya ba za ta wulaƙanta a hannun kawunta ko gwaggonta ba. Mai son yaƙar sikila ta hanyar yaƙar auren zumunci zai sha kaye, kuma lissafi ma ba ya bayansa. Idan saurayi AS ne, yiwuwar bare ta kasance mai ɗauke da ƙwayar kusan ɗaya ce cikin huɗu, ta 'yar baffansa kuwa kusan ɗaya cikin uku. Akwai ƙari, amma auren bare bai kuɓutar da kowa ba. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji. Sai dai a auren gida fasawa ta fi wuya, domin wa ne ya ba ƙaninsa, kuma ana ganin janyewa tamkar yanke zumunci. A nan ne ya fi kamata a san rukunin jinin yara tun kafin manya su furta alkawari.

Doka da lokacinta

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar tilasta gwaji kafin aure. Ta ƙunshi rukunin jini, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ta hana ɗaura aure babu takardar asibitin da gwamnati ta amince da shi, ta tanadi tarar da ke iya kaiwa naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar, ta kuma haramta tsangwamar masu ɗauke da waɗannan cututtuka. Tun kafin dokar, Hisbar Kano ta sa an gwada waɗanda suka shiga auren gata na ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023.

Tarihin Saudiyya ya nuna iyakar irin wannan doka. Ƙasar ta wajabta gwajin a 2004, amma a shekarun farko kusan kashi 90 na waɗanda aka gaya wa jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu, galibi saboda sakamakon ya zo bayan an gama shiri. Sai da wayar da kai ta yi nisa, zuwa 2009, masu fasawa suka haura rabi. Takardar da liman zai duba ranar ɗaurin aure tana tabbatar da an yi gwaji ne kawai. Ba ta tabbatar da an yi shi a lokacin da zai yi amfani ba.

Akwai kuma batun inganci da sirri. Gwajin da wasu ƙananan ɗakunan gwaji ke yi yana nuna akwai ƙwayar sikila ne kurum, ba ya bambanta AS da SS. A ƙaramin gari kuma, inda ma'aikacin ɗakin gwaji maƙwabcin amarya ne, sakamako kan riga mai shi isa gida, duk da cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci. Wanda ya san za a tona masa asiri ba zai kai kansa ba.

Gwamnoni uku, shekara 20

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba saniyar ware ba ne a siyasar jihar. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan kujerar Gusau tana hannun 'ya'yan wannan yanki. Amma a farkon 2024 sai da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na cikin masu ɗaukar nauyin jinyar yara masu tamowa a Talata Mafara. Uban da ɗansa ke buƙatar ƙwararren likitan jini sai ya nufi Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa.

Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, don haka tana da Hisba da malamai da limaman da ake jin maganarsu. Ƙa'idar kawar da cuta sananniya ce a fiƙihu, kuma gwaji bai ci karo da tawakkali ba. Huɗubar Juma'a ɗaya da ta bayyana cewa AS ba ciwo ba ne, kuma uba da uwa daidai suke a gadon sikila, za ta isa inda allon talla ba ya isa.

Abin da ya kamata a tambayi 'yan takara

Yanzu akwai na'urar gwajin gaggawa da ke ba da sakamako cikin mintoci daga ɗigon jini, ba ta buƙatar lantarki. Irinta aka yi amfani da ita a binciken 2018. Ana iya ajiye ta a ɗakin awon ciki da wurin rigakafin jarirai, a kuma gwada ɗaliban sakandare da na islamiyya, da na Jami'ar Jihar da Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, tun ba a fara zance ba. Matashin da ya san rukuninsa yana da shekara 15 zai yi tambayar a farkon nema, lokacin da rabuwa ba ta zubar da mutuncin kowa.

Sannan akwai waɗanda an riga an haifa. Gano cutar tun ana jariri, da maganin penisilin, da rigakafi, da kariya daga sauro, suna rage mace-mace ƙwarai. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna cewa maganin hydroxyurea na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Duk shirin da ya tsaya ga hana aure, ya manta da waɗannan yara, ya ƙara musu tsangwama ne kawai.

Tambayoyin da suka dace da masu neman ƙuri'a a Mafara, Bakura da Maradun masu sauƙi ne. Asibitocin matakin farko nawa ne ke yin gwajin a mazaɓarsu, nawa ake biya, wa ke tsare sirrin sakamako, kuma nawa aka ware a kasafin kuɗi don maganin masu sikila? Wanda ya ɗauki nauyin auren gata, ya raba gado da katifa, shi ya fi cancanta a fara yi wa su.