Wikifunctions: lasisin maƙala daban, na manhaja daban

Da aka buɗe shafin Wikifunctions a watan Yulin 2023, Wikimedia ba ta bi al'adar Wikipedia ba. Kod, wato umarnin da masu sa-kai ke rubuta wa kwamfuta, an ɗora shi kan lasisin Apache 2.0 maimakon CC BY-SA da ake ɗora maƙaloli a kansa. Lamarin ya shafi Hausawa, domin Hausa na cikin harsuna biyar da aka zaɓa a 2021 don gwajin Abstract Wikipedia, shirin da ya dogara da wannan shafi.

Ƙungiyar Creative Commons da kanta tana ba da shawarar kada a sa lasisinta kan manhaja, don ba domin kod aka tsara shi ba. Matashin Maraɗi ko Garwa da ya kwaso kod ɗin Lua daga Wikipedia ta Faransanci, ya gyara shi, dole ya sake shi bisa sharaɗin da ya same shi. An yarje masa ya mayar da shi GPLv3, sai dai hanya ce mai tafiya ba dawowa.

Apache ya kwance wannan ƙulli, amma ba kyauta ba. Kamfani na iya ɗaukar kod ɗin da wani ya kwana yana rubutawa don sarrafa jam'in sunayen Hausa, ya sa a manhajar sayarwa, ya ɓoye gyaran da ya yi, muddin bai goge sunan mai shi da takardar lasisin ba. Ga harshen da kayan aikinsa ba su da yawa, yaɗuwar ta fi riba. Mai son a dawo masa da gyara, GPL ya kamata ya zaɓa tun kafin ya wallafa.